Yaƙin Walƙiya a Allon Kwamfuta: Abin da Ɗan Wasa Ke Gani da Abin da Janar Bai Gani Ba

Ranar 13 ga Mayu 1940, da la'asar sakaliya, labari ya bazu tsakanin sojojin Faransa masu harba igwa a kusa da ƙauyen Bulson, kudu da garin Sedan, cewa tankokin Jamus sun iso. Kafin dare ya raba, mutane sun watsar da igwoyinsu, hanyoyi sun cika da masu gudu, har wasu hafsoshi suka bar wuraren ba da umarni. Alhali kuwa a wannan lokaci ko tanka ɗaya ta Jamus ba ta ƙetare kogin Meuse ba. Dakaru ne kawai suka haye cikin ƙananan jiragen roba, tankokin kuwa sai washegari suka bi gadar da aka harhaɗa cikin dare. Mako guda bayan haka, ranar 20 ga Mayu, waɗannan tankoki sun kai bakin teku kusa da Abbeville, bayan tafiyar fiye da kilomita 200, sun yanke rundunonin Faransa da Ingila da Beljiyam da ke arewa daga sauran ƙasar.

Wannan salon faɗa shi ne ƴan jarida suka yi wa laƙabi da yaƙin walƙiya, kuma shekaru da dama ke nan masu ƙirƙirar wasannin kwamfuta na dabarun yaƙi suna ƙoƙarin kwaikwayonsa. A irin waɗannan wasanni ɗan wasa ba ya riƙe bindiga. Taswira ake shimfiɗa masa, a ba shi rundunoni, ya tura su inda ya ga dama, na'ura ta lissafa abin da zai faru. Malamin tarihi na kwaleji ko na lise yana iya cin karo da ɗalibin da ya san sunan Guderian da na Rommel tun kafin a kai darasin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma daga allo ya san su. Saboda haka ya dace a auna waɗannan wasanni kamar yadda ake auna littafi ko fim. Ma'aunin da ya fi dacewa kuwa shi ne abin da ya faru a Bulson: ko wasan yana iya sa ɗan wasa ya firgita da tankar da babu ita?

Daga ina saurin ya fito?

Masanin tarihin soja na Jamus, Karl-Heinz Frieser, ya fitar da littafinsa Blitzkrieg-Legende a 1995, aka fassara shi zuwa Faransanci a 2003. Abin da ya nuna ya saɓa wa hoton da aka saba gani. A watan Mayu 1940 Jamus tana da tankoki kimanin 2,500, abokan gābarta suna da fiye da 3,000. Sama da rabin na Jamus ƙanana ne, samfurin Panzer I da Panzer II, masu siririn sulke. Ranar 16 ga Mayu, a ƙauyen Stonne, tankar Faransa guda ɗaya samfurin B1 bis, ƙarƙashin kyaftin Pierre Billotte, ta lalata tankokin Jamus 13, ta kuma koma gida duk da harsasai 140 da suka same ta. Cikin rundunoni kimanin 135 da Jamus ta tanada, 10 ne kaɗai na tankoki. Mafi yawan sauran da ƙafa suke tafiya, dawaki ke jan igwoyinsu.

Shirin kansa kasada ce. Bakwai daga cikin rundunonin tankoki 10 aka cusa cikin dajin Ardennes mai ƙananan hanyoyi, inda motocin ƙungiyar janar von Kleist, sama da 41,000, suka cunkushe har layinsu ya kai kilomita 250. Da jiragen saman Faransa da Ingila sun faɗa musu a waɗannan kwanaki, da labari ya sha bamban.

Bambancin da ya yanke hukunci yana wajen isar labari da yanke shawara. Tankokin Jamus suna da rediyo, janar-janar ɗinsu suna tafiya tare da sahun gaba, kuma al'adar sojansu ita ce a faɗa wa hafsa abin da ake so, a bar masa zaɓin hanya. A ɗaya ɓangaren, babban kwamandan Faransa, janar Gamelin, yana zaune a fādar Vincennes kusa da Pari, babu rediyo, ƴan aike a kan babura ke kai saƙo, kuma umarni yakan kwana biyu kafin ya isa fagen daga. Duk lokacin da ya isa, wurin da aka ce a tsare ya riga ya faɗi. Bugu da ƙari, Gamelin ya riga ya tura mafi kyawun rundunar da ya ajiye, ta janar Giraud, can arewa wajen Breda a ƙasar Holan. Masanin tarihi Marc Bloch, wanda ya yi wannan yaƙi a matsayin kyaftin mai kula da rabon mai, ya rubuta L'Étrange Défaite a damanar 1940, kuma jigon hujjarsa shi ne shugabannin sojan Faransa suna lissafin lokaci da nisa da ma'aunin yaƙin 1914.

Su ma shugabannin Jamus ba su san inda tankokinsu suke ba. Ranar 17 ga Mayu von Kleist ya umarci Guderian ya tsaya, suka yi cacar baki, Guderian ya ajiye muƙaminsa, aka mayar da shi a ranar, aka ba shi izinin leƙen abokan gaba kawai, shi kuwa ya fake da wannan izini ya ci gaba da dukan ƙarfinsa. Ranar 24 ga Mayu tsoro ya rinjayi Hitler da von Rundstedt, aka tsayar da tankoki dab da Dunkerque, abin da ya taimaka aka kwashe sojoji kimanin 338,000 zuwa Ingila. Ashe dai yaƙin walƙiya cikin duhu aka yi shi, kuma wanda ya yi nasara shi ne wanda ya fi jure wa duhun.

Janar mai gani har hanji

Panzer General, wanda kamfanin SSI na Amurka ya fitar a 1994, shi ne ya buɗe wa jama'a ƙofar wannan fanni. An raba taswira gida-gida, kowane gida mai kusurwa shida, ana wasa bi da bi kamar dara. Ɗan wasa janar ne na Jamus, yana farawa daga Polan a 1939, kuma in ya kama garuruwan da aka nuna masa kafin zagayen da aka ƙayyade, sai a ba shi babbar nasara da ladan sayen sababbin makamai. Wanda ya yi ta cin irin wannan nasara yana iya mamaye Ingila, har ya kai birnin Washinton. Wasan ya koyar da abu guda na gaskiya, wato haɗa ƙarfi: igwa ta fara laushi, jirgin sama ya biyo, dakaru su fasa, tanka ta wuce. Amma sauri a cikinsa adadin gidajen da tanka ke tsallakewa ne kawai. Kowace bataliya tana jin umarni nan take, babu mai gardama, babu mai ɓata hanya, babu mai gudu saboda jita-jita. Ɗalibin da ya taso a kansa zai ɗauka ƙarfe ne ya ci Faransa.

Hearts of Iron IV, na kamfanin Paradox da ke Suwidin, ya fito a 2016, kuma ya fi kowanne yaɗuwa. A nan duniya duka ce taswira, agogo yana tafiya awa-awa, ɗan wasa yana riƙe da masana'antu da siyasa da rundunonin ƙasa guda. Ya fi na farko fahimtar yadda runduna ke karyewa, domin ya bambanta yawan mutane da tsarinsu: runduna tana iya rasa tsari ta ja da baya alhali mutanenta suna raye. Ya kuma mai da ƙawanya babbar dabara, wato a fasa sahu a wuri biyu, a zagaye, a haɗe a baya. Da farko tankokinsa ba sa shan mai yadda ya kamata. Sai a 2019 aka shigar da lissafin mai, a 2021 kuma aka ƙara layin dogo da rumbunan guzuri.

Duk da haka aibinsa babba ne. Ɗan wasa yana iya tsayar da agogo duk sa'ad da ya so, ya duba kowane lungu na fagen daga, ya ba da umarni ɗari, ya sake kunna agogon, kuma duk su fara aiki a awa guda. Gamelin da ke da wannan iko ba zai sha kashi ba. Ga kuma wata matsala: wanda ya zaɓi Faransa ya riga ya karanta tarihi, ya san ta Ardennes za a ɓullo. Domin kada Faransa ta tsaya daram a kowane wasa, masu ƙirƙira suka rubuta mata nakasu a jiki tun daga 1936, kamar rarrabuwar kan gwamnati da jinkirin koyon sabon salon faɗa. Sakamakon haka shi ne abin da ya faru ta hanyar kasada da kuskuren mutane cikin kwana goma ya koma kamar ƙaddarar da aka rubuta tun shekaru huɗu kafin nan. Wannan kuwa shi ne ainihin ra'ayin da Frieser, da Ba'amurke Ernest May a littafinsa Strange Victory na 2000, suka rushe.

Sauri ya haifi nawa

Akwai wasannin da suka kama gaskiya ta wani gefe, wato gefen guzuri. Lokacin da Jamus ta afka wa Tarayyar Sobiyet ranar 22 ga Yuni 1941, ta tafi da tankoki sama da 3,000 da dawaki sama da 600,000. Layin dogon Rasha ya fi na Jamus faɗi, dole sai an sake shimfiɗa shi kafin jiragen ƙasa su bi. Tankoki sukan yi gaba su bar mai da harsashi da dakaru a baya, sa'an nan su tsaya jira.

War in the East na Gary Grigsby, wanda ya fito a 2010, ya bi wannan lissafi dalla-dalla: kowane zagaye mako guda ne, kowane gida kimanin kilomita 16, kuma ɗan wasa yana kallon yadda ƙarfin tankokinsa ke raguwa gwargwadon nisansu da inda gyaran dogo ya tsaya. Unity of Command, wanda Tomislav Uzelac da abokan aikinsa suka yi a Kuroshiya a 2011, ya kai ga wannan darasi ta hanya mafi sauƙi. Yana nuna yaƙin Stalingrad na 1942 da 1943, kuma kowace runduna tana rataye da igiyar guzuri da ake gani a taswira. In aka yanke igiyar, runduna takan fara rauni, bayan zagaye uku ta zama ba ta da amfani. Ɗan wasa yakan gane da kansa cewa ba sai ya kashe abokin gaba ba, ya isa ya zauna a kan hanyar abincinsa, kuma tankar da ta yi nisa ita ma ana iya yanke ta. A aji, wannan wasa ya fi Panzer General amfani nesa ba kusa ba. Sai dai a fitowarsa ta farko komai a bayyane yake, kowane ɓangare yana ganin ɗayan, har ya fi kama da wasa ƙwaƙwalwa mai amsa guda. Sai a kashi na biyu, na 2019, aka rufe wa ɗan wasa ido game da abin da ke bayan sahun abokan gaba.

Wasan da ya yarda ya makantar da mai shi

Wanda ya fi kusantar Bulson shi ne jerin wasannin kamfanin Panther Games na Ostireliya, waɗanda suka haɗa da Highway to the Reich na 2003, da Conquest of the Aegean na 2006, da Battles from the Bulge na 2010. A cikinsu babu gidaje, babu bi da bi. Ɗan wasa yana ba hafsan da ke ƙarƙashinsa manufa, shi kuma hafsan, wanda na'ura ke juyawa, ya tsara hanyarsa. Umarni yana ɗaukar lokaci kafin ya sauka daga mataki zuwa mataki, wani lokaci awowi, kuma duk wanda ya cika canza shawara zai tarar rundunarsa tana tsaye tana sake shiri yayin da abokin gaba ke wucewa. Rahoton da ke zuwa game da abokan gaba yana iya zama tsoho ko kuskure. A nan ne ɗan wasa ke ɗanɗana abin da ya sami Faransa: ya aika ƙarfinsa wurin da faɗa ya riga ya bari. Rashin sani ya fi dare duhu, in ji Hausawa, kuma wannan wasa ya mai da karin maganar ƙa'idarsa.

Abin lura shi ne wannan dabara ta girmi kwamfuta. A 1824 wani hafsan Purusiya, Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyan sojan ƙasarsa wasan taswira da ake kira Kriegsspiel. Ana raba ƴan wasa, kowane ɓangare ya rubuta umarninsa a takarda, alƙali ya karɓa, shi kaɗai ya san inda kowa yake, kuma ba ya faɗa wa kowa sai abin da sojojinsa za su iya gani. Hafsoshin da suka ƙetare Meuse a 1940 da irin wannan horo aka rene su. Kwamfuta ta fi kowane alƙali iya ɓoye labari, amma yawancin kamfanoni suna gudun haka, domin mai saye yana son ya ji komai a tafin hannunsa yake. Shi ya sa wasannin Panther suka tsaya a hannun ƴan ƙalilan, Hearts of Iron kuwa ya cika duniya.

Ina waɗanda aka kewaye suka tafi?

Akwai makanta iri biyu a wannan fanni. Wasannin sun ƙi ɓoye wa ɗan wasa abin da janar bai gani ba, sun kuma ɓoye masa abin da janar ya gani sarai. A Hearts of Iron, in ƙawanya ta rufe, alamun rundunonin da ke ciki sukan ɓace daga taswira, ɗan wasa ya ji daɗi ya wuce. A zahiri mutane ne suka ɗaga hannu. A ƙawanyar Kiyef kaɗai, a watan Satumba 1941, an kama sama da 600,000. Cikin sojojin Sobiyet kimanin miliyan 5.7 da Jamus ta kama a tsawon yaƙin, kusan miliyan 3.3 sun mutu a hannunta, yawanci da yunwa da sanyi da harbi.

Wannan batu ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye. Sojojin da Faransawa ke kira tirailleurs sénégalais sunan Senegal ne kawai ya bi su, amma daga dukan yankunan mulkin mallakar Faransa na yammacin Afirka aka ɗebo su, har da Nijar. Masanin tarihi Raffael Scheck, a littafinsa na 2006, ya ƙiyasta cewa tsakanin 1,500 da 3,000 daga cikin sojoji baƙar fata an kashe su bayan sun miƙa wuya a watannin Mayu da Yuni 1940. Ranar 7 ga Yuni, a Airaines, aka harbe kyaftin Charles N'Tchoréré, ɗan Gabon, saboda ya nemi a ɗauke shi a matsayin hafsa kamar takwarorinsa Turawa. Ranar 20 ga Yuni, a Chasselay kusa da Lyon, aka ware ƴan Afirka kusan 50 daga hafsoshinsu, aka kora su cikin wata gona, tankoki suka buɗe musu wuta. Hotunan da aka gano a 2019 sun nuna tankokin runduna ta 10 ne, ɗaya daga cikin ukun da Guderian ya ƙetare da su a Sedan. Maƙabartar Chasselay, wadda aka gina da siffar tata irin ta yammacin Afirka aka buɗe a 1942, tana ɗauke da kaburburan waɗannan sojoji 188. Runduna ta 10 tana nan a wasanni da yawa, da lambarta da saurinta da ƙarfin harbinta, ba tare da Chasselay ba.

Wannan shiru yana da asali. Bayan yaƙi janar-janar ɗin Jamus sun rubuta tarihin kansu, Guderian a 1951, von Manstein a 1955, suka nuna kansu ƙwararrun ma'aikata masu tsabtar hannu, suka ɗora kowane kuskure da kowane laifi a kan Hitler. Von Manstein kuwa kotun sojan Ingila ta same shi da laifin yaƙi a Hamburg a 1949. Daga waɗannan littattafai wasannin farko suka ɗauki hotonsu, na baya suka gada. Masu ƙirƙira sukan kare kansu da cewa mai da kisan gilla abin wasa ya fi barinsa muni, kuma hujjar tana da nauyi. Amma Decisive Campaigns: Barbarossa na 2015 ya nuna akwai hanya ta uku. A cikinsa ɗan wasa yana tsakanin na sama da shi da na ƙasa da shi, wasu su bi, wasu su yi gardama, kuma yana iya zaɓar a kawo masa shawarwarin da suka shafi fursunoni da farar hula, ya san cewa abin da ya sa wa hannu zai biyo shi har ƙarshen wasa.

Abin da malami zai iya yi

Hana ɗalibi waɗannan wasanni ba zai yiwu ba, kuma asara ce, domin wanda ya taɓa rasa rundunarsa saboda an yanke mata hanyar mai ya fahimci abin da shafi goma ba su fahimtar da shi ba. Abin da ya rage shi ne a cike giɓin, kuma hanyar Reisswitz ba ta bukatar lantarki. Malami yana iya zana taswirar Meuse sau uku, ya sa rukunin Faransa a aji guda, na Jamus a wani, ya riƙe ta ukun a matsayin alƙali. Takardar rukunin Jamus ta fara aiki a zagayen da aka rubuta ta, ta rukunin Faransa ta jira zagaye biyu. A zagaye na uku ya miƙa wa rukunin Faransa rahoton ƙarya cewa an ga tankoki a Bulson, ya ga abin da za su yi. In ƙawanya ta rufe, kada ya share alamun da ke cikinta. Ya rubuta adadin mutanen a allo, ya tambayi rukunin da ya yi nasara inda zai kai su, da abin da zai ciyar da su, sa'an nan ya buɗe darasin Chasselay.